Fandishon da Baba ya shayar

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Baba Yohanna, manomin doya a bayan Iware. Bana ban je kabarinsa ba. Gonarsa na je, domin a can ne abin da ya bar mana yake zaune, kuma har yau in na gan shi raina ɓaci yake.

Wasu 'yan kwangila ne suka zo daga birni, suka ce tudun gonarmu ya fi ko'ina iska, za su kafa babban injin iska mai ba da wutar lantarki. Mutanen ƙauye suka sa masa suna fanka. Baba ya ba su tsakiyar gonar, baƙar ƙasar da ke haifar doya kamar cinyar mutum. Mama ta hana, bai ji ba. Ya ce asibitin ƙauye zai samu wuta, mata su daina haihuwa da tocila.

Suka haƙa rami mai faɗin tsakar gida, suka saƙa rodi, suka zuba kankare, suka bar manyan kusoshi a zagaye suna kallon sama, inda ƙafar hasumiyar fankar za ta zauna. Da za su tafi sai suka ce a riƙa yi masa ban ruwa kada ya tsage. Ga manomi kuwa, ban ruwa amana ce. Baba ya rufe fandishon, wato kankaren nan, da buhunan algarara, kullum da safe yana jido ruwa daga rafi a kan keke, a tsakiyar rani. Makonni kaɗan suka ce, shi kuwa bai daina ba sai da damina ta karɓe shi. Ya kan ce, "Abin da zai yi kokawa da iska, dole ƙafanshi ya yi ƙarfi."

Hasumiya ba ta zo ba. Kyan alkawari cikawa, amma masu alkawarin ko lambar wayarsu ba ta shiga. Baba ya rasu yana tambayar ko an ga babbar mota a hanyar Jalingo.

Kwanan baya ɗana ya nuna mini a waya yadda wasu ƙasashe ke kafa irin wannan fanka a cikin teku, su dasa ƙafar ƙarfe a ƙasan ruwa, igiyar ruwa na dukanta ba ta motsi. Na ce da Baba ya gani, me zai ce? Na san shi, ba zai zagi kowa ba. Cewa zai yi namu ma yana hanya. Wannan haƙurin nasa shi ya fi ba ni haushi. Wasu sun tsayar da nasu a kan ruwa, mu a kan busasshen tudu mun kasa.

Yanzu sauran gonar ta gaji, taki ya fi ƙarfin Mama. Abin da take so kafin ƙarfinta ya ƙare shi ne ta sake tada kunyar doya a baƙar ƙasar nan. 'Yan jari-bola sun riga sun yanke kusoshin. Na ɗauko masu fasa dutse daga Kachalla Sembe, inda nake zaune. Suka wuni suna duka, ƙotar guduma biyu ta karye, abin da ya ɓalle bai cika kwano ba.

Babbansu ya share gumi, ya dubi Mama ya ce, "Mama, wanda ya yi ma wannan ban ruwa bai yi wasa ba. Da an bar shi ya bushe a rana, da yanzu mun gama."

Mama ta daɗe tana kallon kankaren. Ta ce, "Maigidana ne."

To me ya saura na Baba? A duk aikin nan, tun daga masu jawabi har masu sa hannu, mutum ɗaya ne ya yi nasa da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ce ta zauna a kan abincin matarsa ta ƙi tashi. Mama ta sallami masu guduma, ta kwance buhu, ta shanya rogonta a kai.