Yadda hoton zuciyata ya hana ni kujerar Makka

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba, har wasu sun zaci wayata ce ta ɓace. Waya tana nan, mai wayar ne ya kusa tafiya.

Abin ya fara ne wata Talata a rumfata ta atamfa a Babbar Kasuwa. Ƙirjina ya yi nauyi, gumi ya keto min, hannun hagu ya mutu. Na ce olsa ce, na jiƙa kanwa na sha. Kwana biyu ina wannan taurin kai kafin matata Hajara ta sa aka kai ni asibiti da ƙarfin tsiya.

Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe.

Sada, abokina tun muna firamare a Gobarau, irin haka ta same shi mako uku kafin ni. Shi yana jin ciwon ya ruga asibiti, har na riƙa tsokanarsa da ragwanci. Kuma tare muka biya kujerar Makka ta bana.

Likitarmu ɗaya. Ta tura mu Kano aka sa mu cikin injin hoto mai ƙarar tsiya, mai tsada kuma, sai da na karyar da atamfofi. Ta zuba hotunan a kwamfuta, kwamfutar ta gina zuciyar kowannenmu, tana bugawa a kan allo. Inda naman ya mutu sai ya fito toka-toka.

Tare muka shiga ofishinta. Tabon Sada bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Nawa ya kai ƙosai.

Ta ƙara wa zuciyar allon gudu, kamar ta mai tafiya cikin rana. Ta Sada ta jure. Tawa kuwa, wutar da ke sa ta bugawa tana isa tabon sai ta ɓata hanya, ta shiga zagaye, bugun ya hargitse.

Ta ce, "Malam Lawal, ba ni sa maka hannu a takardar tahiya bana."

Na ce kwamfuta ce za ta hana ni Ɗakin Allah? Ta ce ba kwamfuta ba ce, kwana biyun da na ɓata ina shan kanwa ne.

Wallahi na yi hassada, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ko benen kasuwa ba ya hawa sai ya huta, shi ne zai tafi ya bar ni? Da ya zo sallama na juya wa bango fuska. Ina ji Hajara tana ce masa, "Kwana yake, Allah shi kai ku lahiya." Ya ce, "Ki ce mai zan yi mai addu'a." Ko wannan sai da ta ƙona min rai.

Ranar Arfa da hantsi, ina zaune a tsakar gida, ban ɗauki ko buta ba, zuciyata ta yi abin da ta yi a allon nan. Ido ya rufe. Maƙwabcina Malam Bitrus ya jefa ni a mota, aka kai ni kan lokaci. Daga baya aka dasa min ɗan batir a ƙirji.

Yanzu ina zagaya unguwa da safe, ina shan magunguna, na bar gishiri da kilishi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajara, da Malam Bitrus, da likitar da na yi wa kallon banza.

Shawarata: in ƙirji ya yi nauyi, ku bar kanwa, ku nufi asibiti a ranar. In an hana ku tafiya, ku ji.

Na je yi wa Sada barka da dawowa. Na riƙe hannunsa na ce, "Ranar da ka zo, ba kwana nike ba." Ya ce ai ya sani, ƙafata tana motsi.

Har yau in an kira shi Alhaji sai na ji wani abu ya soke ni. Amma ina da ran da zan ji shi, alhamdu lillahi.