Waken Ishaku da sarewar Bello

Shekara tara ke nan da muka binne Ishaku, manomi kuma makaɗin gitar, abokin kiɗana na tsawon zamanin ƙuruciyarmu. Duk lokacin da kaka ta zagayo nakan yi niyyar in rubuta wani abu mai nauyi game da shi, amma da na zauna sai in tarar dariya nake yi ni kaɗai. Bana na daina yaƙi da dariyar, zan rubuta shi yadda yake.

Mun haɗu ne sa'ad da aka turo ni koyarwa a lakwal ɗin wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Ina da gurmi da na gada wajen kawuna, amma ina ɓoye shi bayan buhun gero, don a ganina bai dace a ga mushe, wato malamin makaranta, yana kiɗa ba. Wata Lahadi ina wucewa ta gefen ƙaramar majami'ar garin na ji gitar tana tashi, da wata murya mai kauri tana jan waƙa. Na tsaya a inuwar gawo har aka tashi. Wani gajere mai faɗin ƙirji ya fito da gitar a kafaɗa, biyu daga cikin tsirkiyoyinta wayar birkin keke ce. Ya dube ni ya ce ya ga ƙafata tana bugun ƙasa, kuma mai irin wannan ƙafar ba ya rasa abin kiɗa a ɗaka. Kafin la'asar yana zaune a ƙofar ɗakina, gurmin yana hannuna.

Ba sana'armu ba ce. Shi yana noma, ni ina fama da alli. Amma ranar da babu aiki mukan hau moto ɗaya mu bi fada-fadar samari inda ake dafa shayi, mu je gidan matasa na Tasawa ko na Mayahi, ko mu zauna a rumfar mai shayi ranar kasuwar Atantane. Ladanmu kofin shayi ne da tsire, wani lokaci a zuba mana isansi a tanki, man komawa gida. Ni dogo siriri, shi gajere mai yaɗo, sai mutane suka sa mana suna Gero da Wake, tunda gona ɗaya ake shuka su. Akwai abokai da kan shigo su fita, kamar Tani mai kiɗan ƙwarya da ke sayar da fura a tashar Tasawa, wadda ba ta taɓa yarda mu kai waƙa ƙarshe ba tare da ta sa mana baki ba. Wanda ya fi daɗewa tare da mu shi ne Bello, kuma ba da farin ciki ya fara shigowa ba.

Wata shekara, damina ta ƙare, wake ya nuna bai kai ga tsinka ba, sai shanun wata rugar Fulani da ta sauka kusa da rijiya suka faɗa gonar Ishaku. Kafin a kore su sun cinye fiye da rabi. Wannan waken shi ne cefanen gidansa na shekara, shi da matarsa Saratu da 'ya'yansu. Labari ya bazu, samarin gari suka fito da sanduna, mutanen ruga su ma suka zo da nasu, aka yi cirko-cirko a ƙofar mai gari. Na sallami 'yan lakwal na ruga can, don mun sha jin yadda irin wannan taro ke ƙarewa a wasu garuruwa.

An zaunar da mai kiwon a tsakiya, wani matashi magidanci, kansa a sunkuye. Ishaku ya iso daga gona, ƙafafunsa duk ƙasa, fuskarsa ba annuri. Mai gari ya ce ya faɗi abin da yake nema. Ishaku ya daɗe yana kallon matashin, sannan idonsa ya sauka kan sarewar da ke soke a ɗamararsa.

"Kai ne ke busar nan da muke ji daga wajen rijiya da yamma?"

Matashin ya ce shi ne, sunansa Bello.

"To, ranka ya daɗe, na gane abin da ya faru," in ji Ishaku. "Mai busa irin wannan idonsa a rufe yake. Ni ma jiya ina jin sa na yi noma har cikin gonar maƙwabcina."

Wani dattijo ya fara tuntsirewa, sai dariya ta bi taron, sanduna suka sauka ƙasa. Ishaku ya ce abu biyu yake so: in an gama girbi shanun su zo su kwana a gonarsa har rani ya yi nisa, su bar mashi taki; kuma Bello ya zo da sarewarsa ranar kasuwa. Arɗon ruga ya amince nan take. Saratu kam ba ta yi dariya ba. Ta ce mashi sarewa ba ta shiga tukunya, ta kwana biyu ba ta kula shi ba, kuma tana da gaskiya, don sun sha wuya a wannan rani. Mahaifiyar Bello ta riƙa aiko da nono da man shanu ba tare da an tambaye ta ba. Da damina ta dawo, geron da gonar ta yi sai da mutane suka riƙa ratsowa kallo. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ishaku ya yi waƙa a kan abin, yana yaba ma saniya da ta fi kowa a garin sanin wake mai daɗi, tunda ta wuce gonaki da yawa ta zaɓi tasa. Ranar da muka fara yin ta a gidan matasa na Tasawa, Bello bai taɓa tsayawa gaban taro ba. Wata ƙungiyar samari masu kayan lantarki ce za ta fara, mu a ƙarshe, sai kuran, wato wutar lantarki, ya yanke, kayansu suka yi shiru. Aka ce to, 'yan ƙauye su fito. Muka ja benci tsakiyar fili, mutane suka matso har muna jin numfashinsu. Da Bello ya rufe ido ya ɗora sarewa kan gitar, Tani ta shigo da ƙwarya, sai ga samarin nan sun ajiye kayansu suna tafa mana. Ishaku ya sunkuyo ya raɗa mani cewa in lura da ƙofa, kar shanu su shigo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu yaro kan shiga ɗaki da na'ura ya fito da waƙa, an goge mashi murya ta yi santsi kamar kwalba, kafin ya kai gida ta shiga wayoyin mutane har Maraɗi. Na san zai fara da tsaki, ya ce waƙar da ba a ji gumin mai ita ba fura ce ba nono. Amma na san shi, ba zai kai yamma ba sai ya shiga ɗakin ya ce a ɗauki tasa, don shi ne ke cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Abin da zai dame shi wani ne daban: burtalin da shanu ke bi an nome wasu, manomi da makiyayi sun rage zama kan tabarma ɗaya. Da zai ce laifin namu ne makaɗa, mun bar rumfunan kasuwa mun koma cikin waya.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da shi, bayan ya gama shigar da hatsi rumbu. Ranar jana'izarsa majami'ar ba ta ɗauki mutane ba. Liman da jama'arsa suka tsaya a waje, mutanen ruga suka zo da ƙafa daga nesa, kuma faston ya ce bai taɓa ganin rawuna da malafuna da yawa haka a ƙofarsa ba.

Me ya rage na mutumin da ba a taɓa ɗaukar muryarsa a faifai ba? Saratu tana nan da jikokinta, Bello ya yi furfura, mukan yi kiɗa tare in ya sauko da rani. Kwanan baya a wata fada a Mayahi wani saurayi ya ce mani cikin ladabi, "Mushe, gurmin nan ya yi ma muryarka ƙasa, shi ya sa kake wahala. Ka ɗan ja tsirkiyar." Sai a lokacin na lura. Tun ranar farko daidai da muryar Ishaku nake ɗaure shi, ni kuwa ina bi daga sama, kuma shekara tara hannuna bai koyi wani ɗauri ba. Na yi ma yaron godiya, na ce ya yi gaskiya. Na bar tsirkiyar yadda take, na ci gaba da waƙa.