Kunnen Da Ya Rage

A wurin aiki ba mai kiransa da sunansa. Na'am suke ce masa. Shekara goma sha ɗaya yana kai saƙo a kan babur, kuma a ukun ƙarshe duk wanda ya yi masa magana, ko sannu ce, abin da ke fara fita bakinsa kenan: "Na'am?" Sai ya karkato kai, ya miƙo kunnen dama. Tun yana jin haushin sunan har ya gaji ya fara amsawa.

Kunnen hagu ne ya fara tafiya. Ba faɗuwa ya yi ba, ba marinsa aka yi ba. Iska ce, da iyafis, abin nan da ake maƙalawa a kunne don jin waya. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da abu a kunne: mai raba aiki na kira, mai kaya na kira yana tambayar kana ina, wayar kanta na faɗa maka hanya. Ka rasa kira uku, a ba wani saƙonka. To iyafis ɗin da yake iya saya irin na tebur ne a bakin titi, wanda kana zura hular kwano yake zamewa. Iska ta shigo ta ƙasan hular tana ƙugi, ba ka jin komai, sai ka ƙure ƙara. Wayar ma takan yi masa gargaɗi cewa wannan zai cutar da kunnensa. Ya danna ya wuce. Shekara takwas yana haka a kunnen hagu. Da hagun ya daina ji, me ya yi? Ya mayar da iyafis ɗin dama, ya ci gaba.

Akwai durowa a ɗakinsu, ta ƙasa, cike da gawarwakin iyafis. Wani an naɗe da salatef, wani kunne ɗaya ya mutu, wani robar bakinsa ta ɓata. Matarsa ta sha cewa za ta zubar, shi kuma ya ce a bari, wata rana zai gyara. Ba ranar da ya taɓa samu.

Mahaifiyarsa tana zaune tare da su, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta, muryarta ta koma ƙarama, kamar mai raɗa. Kullum in ya dawo, kafin ya cire takalmi, sai ya shiga ya zauna a ƙasa gefen gadonta, ya jingina yadda kunnen dama zai zo daidai bakinta. Minti goma, sha biyar. Iyakar hirarsu kenan a yini.

Wata Laraba da yamma ya zauna kamar kullum. Ya ga leɓenta na motsi. Abin da yake ji kawai wani siririn ƙara ne, wiiii, kuma a dama yake.

"Na'am, Inna?"

Ta sake faɗa. Bai ji ba. Ta sake, har jijiyar wuyanta ta tashi. Sai ta ɗaga hannun da ke mata aiki ta kaɗa, alamar bar shi kawai, ta juya fuska bango.

Matarsa na bakin ƙofa da bokiti a hannu. Da ya fito ta ce, "Tambayarka take me ya same ka a hannu. Ƙujewar nan ta gani."

Washegari ya bar aikin rabin yini ya tafi asibitin kunne. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akwati, aka ba shi maɓalli, aka ce in ya ji ƙara ya danna. A hagu ya daɗe zaune yana jiran a fara, ashe har an gama. Ma'aikaciyar ta nuna masa takarda mai layi biyu. Na hagu ya faɗi ƙasa, ta ce ba zai dawo ba. Na dama ya fara gangarowa.

"Malam, gaskiya hawa babur ya kamata ka bari."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "In ci me?"

Ta ce to akwai iyafis da ake yi wa mutum daidai ramin kunnensa. A zuba roba mai laushi, ta ɗauki siffar kunnen, a haɗa da shi. Yana toshe iska gaba ɗaya, ba sai ka ƙure ƙara ba. Ta faɗi kuɗin.

"Na'am?" Wannan karon ya ji sarai.

Kuɗin ya kai na taya biyu da sarƙa da man wata guda. Ya ce a yi masa na kunne ɗaya, ai ɗaya ya rage. Ta ce masu yin ba sa raba su, bibbiyu suke yi. Ya ninke takardar huɗu, ya sa a aljihu, ya koma aiki da tsohon iyafis ɗinsa a kunne.

Matarsa ce ta kai labarin wurin ƙanwarta, autar gidansu, wadda ke aiki a inda ake yin haƙoran roba. Ranar hutunsa sai ga Auta da leda a hannu.

"Yaya Na'am! An ce kunne ya yi ritaya."

"Wa ya kira ki? Masu giɓi sun ƙare a gari ne?"

"Zauna dai. Yau kunnenka zan yi wa haƙori."

Ta fito da ƙananan gwangwani biyu na robar da suke auna baki da ita, da sabon iyafis mai sauƙin kuɗi amma mai ƙaramin kai, wanda hula ba za ta danne ba. Ta ce ta tambayi maigidanta a wurin aiki, ta kuma kalli yadda ake yi har sau ba adadi. Ta fara tura 'yar auduga ɗaure da zare cikin kunnen don kada robar ta zarce ciki. Matarsa ta tsaya a kansu tana cewa, "Ke Auta, a hankali, guda ɗaya ne fa."

"Yaya, kada ka motsa. Ko numfashi da izini."

Ya zauna ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton katin shaida, ya dantse baki. Ta murza robar ta cusa, ta nutsa kan iyafis ɗin a ciki. Minti biyar ta daskare. Aka ciro wani abu mai kalar dasashi, mai lanƙwasa, mummuna na gaske. Da ya mayar da shi kunne, ɗakin ya yi tsit. Ya yi murmushin da rabonsa da shi an kwana biyu.

A kan hanya ma da farko haka. Iskar ta koma can nesa. Sai mai raba aiki ya kira. Yana buɗe baki ya amsa da "ina kan hanya," iska ta kurɗo ta gefe, fiiii, kamar usur. Ya rufe baki, ta ɗauke. Ya buɗe, ta dawo. Mutumin da ke amsa kira sittin a yini! Kafin azahar ya mayar da ƙarar inda take da. Da yamma ya shigo gida, ya buɗe durowar ƙasa, ya jefa shi cikin 'yan uwansa. Bai ma yi fushi ba. Ƙarfin fushin ne babu. Ya shiga wurin Inna ya zauna, tana magana yana gyaɗa kai, yana cewa haka ne. Ta kalle shi. Ta san bai ji ba.

Bayan kwana biyu Auta ta dawo, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, sa ɗan yatsa a kunne."

"Auta, na gaji. Ki bar maganar nan."

"Sa mana! Yauwa. To buɗe baki. Rufe. Me ka ji?"

Ya ji ramin kunnen na motsi a ƙarƙashin yatsansa. In ya buɗe baki ya ƙara faɗi, in ya rufe ya tsuke. Shekara arba'in da kunnen nan a jikinsa, bai taɓa sani ba.

"Laifina ne," in ji ta. "Na auna ka baki a rufe. Kai da bakinka ba ya hutawa a kan titi, sai ka ce rediyo."

Robar da ta rage ta gwaji ɗaya ce tak. Ta ciro iyafis ɗin daga durowa, ta ɓare tsohuwar daga kansa, ta wanke murfin kwalbar ruwa, ta sa masa tsakanin haƙora a tsaye, ta ce ya cije. A ɗakin Inna aka yi, don can ne haske ya fi. Ga magidanci zaune a ƙasa, baki wangame, zare na lilo daga kunne, miyau na zuba kan riga.

"Ai da na san haka ake rufe maka baki da tuni na tara murafai," in ji matarsa.

Ya harare ta, ba damar ramawa. A kan gado kafaɗar Inna na girgiza. Dariya take, ba sauti.

Wannan karon abin ya zauna daram a kunne. Ya yi magana, ya yi hamma, ya tauna, bai buɗe ba. Auta ta tattara kayanta ta ce, "Wannan na wucin gadi ne fa. Ranar da ka samu hali ka koma su yi maka na gaske." Ya ce to. Su duka biyun sun san ranar ba kusa take ba.

Yanzu haka yake fita. Dama a toshe, ƙarar waya ko rabi ba ta kai ba. Hagu a buɗe saboda titi, don duk lalacewarsa yana jin hon ɗin mota, sauran kuma madubi ya cike. Abokan aiki sun ce ya sa haƙoran kakarsa a kunne. Bayansa na ciwo kamar kullum, gilashin hular har yau a fashe yake, kuma wiiii ɗin bai tafi duka ba. Ya dai ragu. Wata rana sai ya tsaya ya nema kafin ya ji shi.

Sati uku da fara sa shi, ya dawo da yamma, ƙura har gira. Ya cire abin ya goge da gefen riga, ya sa a gwangwaninsa. Ya shiga ya zube gefen gado, ya jingina kai, ya lumshe ido. Bai ko kalli leɓenta ba.

"Ƙujewar ta warke?" in ji Inna, can ƙasa-ƙasa.

"Na'am?"

Hannun nan mai aiki ya sauko ya ɗan ja masa kunne.

"Ka ji ni sarai."

Ya ɗaga hannun ya nuna mata, ido a rufe. "Ta warke, Inna. Tabo ne kawai."