Kuɗin Ramok ɗin Maman Lawali

To ai abin da nake gaya muku ke nan, mutum sai ya yi shekara goma sha huɗu yana tuƙi a Jidda ko madubin mota bai taɓa fasawa ba, rana ɗaya kuma a ce gaskiyarsa ce ta kayar da shi. Ba ƙarya ba, ba sata ba. Gaskiya.

In ba ku san Maman Lawali ba, shi ne dogon nan ɗan Tasawa, mijin Haoua mai sayar da fanke a layinmu na Karantina. Kafin ya zo nan ya yi shekara bakwai a Nijar yana jan kaya tsakanin Maradi da Damagaram. Ya zo Umra, ya zauna, Allah ya haɗa shi da Abdulghani, wani mai sayar da kayan gini da ke da ofis a Bagdadiyya. Shi ya zama kafilinsa, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, aka rubuta direba a ciki. Wannan kalma ta direba ita ce duk abin taƙamarsa a duniya. In ka taɓa masa iƙama ma sai ya goge ta da gefen riga.

Halinsa kuwa sai wanda ya gani. Lemo ɗaya ya gangaro daga ledar matar Abdulghani ya shige ƙarƙashin kujera, sai ya koma ya buga mata ƙofa ya miƙa. Ranar Juma'a da rana tsaka, titi fayau ba ko kyanwa, zai tsaya a jar wuta har ta sake shi. Haoua kan ce masa, “Malam, wutar nan ba ta san ka ba fa.” Shi kuma ya ce, “Wanda ya san ni ai yana kallo.”

A shekarar dubu biyu da tara Abdulghani ya sayi wani ƙaramin jirgin ruwa mai inji a Dubai, na yawon hutu. Aka yi wa Maman Lawali takardun fita da dawowa, aka ba shi babbar motar gidan, aka ce ya je ya jawo shi. Jirgin a kan ramok yake. Ramok haka 'yan Nijar ke kiran amalanken ƙarfen nan mai taya da ake saƙala wa mota a baya. Lokacin kuma saura sati biyar iƙamarsa ta ƙare, sai Abdulghani ya sa hannu za a sabunta. Ku riƙe wannan.

Othman, babban ɗan Abdulghani, wanda ke riƙe da ofis, ya riga shi zuwa ta jirgin sama. A wajen masu jirgin ya ciro wata 'yar sitika ya manna a gilashin gaban motar daga ciki.

“Ammu Lawali,” in ji shi, wato baffa da Larabci, “ka ga wannan? A garin nan akwai ƙofofi a kan titi, na ƙarfe, a sama suke. In ka bi ta ƙasansu su za su karanta wannan su cire kuɗin hanya da kansu. Kar ka tsaya. Babu mutum a wurin.”

“Babu mutum? To wa zai ba ni tike?”

“Ba tike. Ka wuce kawai.”

Maman Lawali ya dubi sitikar, ya waiga ya dubi abin da aka saƙala masa a baya. “To ramok fa? Shi ina tasa?”

Daidai nan wayar Othman ta yi ƙara. Ya kara a kunne, ya kaɗa masa hannu. “Halas, halas, yalla,” wato shi ke nan, kama hanya. Ya tare tasi sai filin jirgi.

Abin da Othman bai sani ba, shi Maman Lawali ya san kuɗin hanya tun kafin a yaye Othman. A Nijar peyaj suke ce masa. Igiya ce a tare da titi, da mutum a zaune ƙarƙashin rumfa da littafin tike. Kuma akwai wani tsoho a shingen da ya fi bi, kullum maganarsa ɗaya ce: mota daban, ramok daban. Shekara bakwai yana karɓar tike biyu. Abin ya zauna masa a kai kamar karatun sallah.

Da hantsi ya hau babban titi. Can sai ga ƙofar. Ya rage gudu har na baya suka dame shi da ham, ya bi ta ƙasanta. Shiru. Ba ƙara, ba wuta, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ya leƙa madubi ya ga ramok ya wuce shi ma, lafiya lau, da jirgin mutane a kansa.

Nan zuciyarsa ta fara. Sitika ɗaya ce, a gilashin mota take. Yaani mota ta biya. Ramok bai biya ba. Ya ci titin mutane da taya huɗu a banza, kuma da hannunsa ya jawo shi. Ya kira Othman, waya a kashe, yana sama. Ya yi tunanin ya juya ya sake bi don a cire na biyu, sai ya ga ai in ya koma da ramok, ramok ɗin zai ƙara wucewa ne bai biya ba. Abin ƙaruwa zai yi ta yi.

Sai dabara ta zo masa. 

Ya samu wuri mai ɗan faɗi a gefen titi ya tsaya. Ya kwance ramok. Ya nemo duwatsu ya tokare tayoyin. Ya shiga cikin furannin da aka shuka a bakin hanya ya karyo rassa, ya jera su a kan kwalta a bayan ramok, yadda ake yi a hanyar Damagaram in mota ta lalace. Ya karanta Ayatul Kursiyyu ya tofa wa jirgin. A lissafinsa minti goma ne: ya koma da mota ita kaɗai, ƙofa ta cire na ramok, ya dawo ya saƙala abinsa.

Jirgin da kuɗinsa ya fi albashinsa na shekara goma. A bakin titi. Da ganye.

Su kuwa titunan can ba irin namu ba ne da za ka samu inda wani ya fasa shinge ka juya. Ya hau gada, gada ta miƙa shi ga wata gadar. Ya bi ta ƙasan ƙofar ya ce alhamdu lillahi, ramok ya biya. Wajen neman hanyar dawowa ya sake bin ta. Ya ɓace, ya faɗa wata ƙofar daban, ya kewayo, ya kuma bin ta farkon. Sai da aka kira azahar ya gane wurin.

Duwatsunsa na nan. Ganyensa na nan, iska ta ɗan watsa. Ramok babu.

Ya fito ya tsaya. Ya zagaya duwatsun kamar jirgin zai iya shigewa ƙarƙashinsu. Sai ya zauna a kan kwalta mai zafin nan bai ma ji zafin ba. Da ƙyar ya danna lambar Abdulghani.

“Ya ammi, jirgin ya ɓata.”

“Hatsari ka yi?”

“A'a. Na ajiye shi ne na je in biya masa kuɗin hanya.”

Abdulghani ya ce, a hankali, “Lawali, nawa suka ba ka?”

“Su wa?”

“Waɗanda ka sayar wa. Faɗa mini kawai. Shekara goma sha huɗu kana cin abincin gidana, kar ka haɗa mini da rainin hankali. Ka tsaya inda kake. Iƙamarka kuwa ka manta da ita.”

Maman Lawali ya ce ɓatan jirgin bai girgiza shi kamar wannan tambayar ba. Nawa suka ba ka. Shi da ke mayar da lemo.

Labari ya iso Karantina kafin la'asar, don matar Abdulghani ta kira Haoua tana zazzaga mata. Haoua ta kife kaskon fanke da sauran ƙullu a roba. In iƙama ta faɗi, ba shi kaɗai zai bar ƙasar ba, har ita da yaransu uku da aka haifa a nan, waɗanda Tasawa a baki kawai suka san ta. Mata suka cika ɗakin. Wata ta ce ai shiru-shirun nan nasa dama abin tsoro ne. Haoua ta ɗago ta ce, “Mijina ba ɓarawo ba ne. In kin ce wawa ne, zauna mu yi magana.”

Washegari Othman ya koma Dubai, fuska a murtuke. Kafin ya taso ya buɗe kwamfuta ya fitar da takardar sitikar, don ashe duk ƙofar da mota ta bi sai an rubuta, da awa da minti. A hanya yake dubawa. Ƙarfe goma da 'yan mintoci, wucewa ɗaya. Bayan nan sau huɗu, gaba da baya, a cikin awa biyu da rabi, duk a unguwa guda. Ya samu Maman Lawali a masallacin wani gidan mai, ya miƙa masa takardar.

“Ammu, wanda ya sayar da jirgi guduwa yake yi. Kai me kake nema a nan kana ta zagaye kamar mai ɗawafi?”

“Na gaya wa babanka. Na ramok na je biya.”

“Sau huɗu?”

“Ɗaya na yi niyya. Sauran hanya ce ta ƙi sakina.”

Suka tafi wajen 'yan sanda. Ko minti ashirin ba a yi ba aka gano shi. Masu sintiri ne suka ga jirgi a gefen babban titi ba mota ba mai shi, suka sa aka janye shi kar ya jawo hatsari. Yana can a ajiye, ko ƙwarzane babu. Jami'in ya ce a kawo direban ya ga ko wane ne, don shi ganyen ne ya tsaya masa a rai. Da aka mayar masa da bayani sai ya ajiye biro.

“Ya hajji, sitikar ta motar ce da duk abin da take ja. Sau ɗaya ake cirewa.”

Maman Lawali ya ce, “Ramok ɗin kyauta yake wucewa?”

“Kyauta.”

“Da tayoyinsa huɗu?”

Jami'in ya dubi Othman, Othman ya dubi silin. Aka biya tarar janyewa da ta furannin da ya karya, aka saƙala ramok. Othman bai yarda ya hau jirgin sama ba wannan karon. Ya zauna a gaba kusa da shi, kwana biyu suna hanya har Jidda, in ban da “tsaya mu yi sallah” ba abin da ya haɗa su.

A ofishin Bagdadiyya Abdulghani ya daɗe yana juya takardar ƙofofin nan a hannu. Bai ce yi haƙuri ba, irinsu ba sa faɗa. Cewa ya yi, “Na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Wannan laifina ne.” Sannan ya miƙa hannu. “Kawo makullin motar.”

Maman Lawali ya ciro shi daga aljihu ya ɗora a tebur. Abdulghani ya jawo durowa ya fito da wani tarin makullai a zobe guda.

“Na sito ne, na unguwar Kurayyat. Siminti, rodi, tayil, duk abin da na mallaka yana ciki. Ban taɓa ba wani bare ba. Na san ko ƙusa ba za ta fita ba. Amma mota, ya Lawali, ba zan ƙara ba ka ba. Ɓarawo na san inda zan tsare shi. Kai ban san abin da kanka zai gaya maka gobe ba.”

Aka sabunta iƙama. Haoua ta ɗora kaskonta, yara suna nan a makarantarsu. Amma da sabuwar iƙamar ta fito, inda aka saba rubuta direba an rubuta mai gadi. Haoua ta ce ya daɗe yana kallonta a bakin gado, sannan ya sa a aljihu ko gogewa bai yi ba.

Yanzu kullum da safe bas yake hawa zuwa Kurayyat, ya zauna a kujerar roba a bakin sito. In direbobin kamfanin suka zo ɗaukar kaya sai su tsokane shi. “Ammu Lawali, amalanken nan ya biya kuwa?” Ya yi murmushi ya buɗe musu ƙofa. Amma in suka ja da baya ba daidai ba, za ka ga hannunsa na motsi a kan gwiwa, yana murza sitiyarin da babu.

Kuma har yau bai yarda ya yi kuskure ba. Ya ce shi ya tambaya, aka ce masa yalla. Rannan Haoua ta ce masa, “To Malam, da a ce yau ne fa?” Ya yi ɗan tunani ya ce, “Da sai in ɗaure shi da sarƙa.”

To ku faɗa mini tsakaninku da Allah, da ku ne Abdulghani, za ku mayar masa da makullin motar?