Ranar da Mama Ta Wanke Sulke

Babanmu tsohon ɗan sanda ne, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da hira sai ta rigar sulken zamaninsu, mai farantan ƙarfe gaba da baya. Ya ce in ka saka ta harsashi ba ya samun ka, ɓarawo ma kai ba ka samun sa, don ko akuya ba ka iya kamawa da gudu. Ita ta bar masa ciwon bayan da muke sha wa mita har yau.

Da ƙanena ya gaji aikin, aka sa shi rakiyar wani oga a hanyar Kaduna, lokacin da hanyar ba ta da daɗi. Ya zo gida Bwari da tasa rigar. Baba ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya taɓe baki.

"Wannan ai singileti ce."

"Baba, fiber ne," in ji ƙanena. "Wata mata ce a ƙasar waje ta gano zaren, tana neman abin ƙarfafa tayar mota. Saƙa ce bisa saƙa, tana cafke harsashi kamar raga."

"To, Allah ya kyauta. Mun koma tayoyi."

Mama na gefe tana ƙare wa rigar kallo. Ita a duniya ba ta yarda da abu biyu ba, mara nauyi da mara tsabta, rigar nan kuwa ga rashin nauyi ga warin gumi. Ƙanena na fita aski ta farke ta, ta zaro abin da ke ciki, ta yage ledar da aka rufe shi da ita. Ta ga zaren rawaya, ta yanke hukuncin dauɗa ce. Ta jiƙa shi da bilic, ta dirje, ta shanya a tsakiyar rana, ta bi da dutsen guga. Wajen mayarwa ta soka allura ta ɗinke laya a daidai zuciya.

Na dawo daga ma'aikata na tarar da ƙanena tsaye da rigar a hannu kamar an aiko masa da mutuwa. Ya ja ni bayan tankin ruwa.

"Yaya, Mama ta gama da ita. Ba a sa mata bilic, ba ta son rana. Kuma gobe muna da movement, za mu raka oga, masu store ɗin kayanmu ba za su canza min kafin nan ba."

Raina ya ɓaci, na ce bari in je in same ta. Ya riƙe min hannu.

"Ki bar ta. In ta sani, ba za ta ƙara runtsawa ba."

Da safe ya saka abarsa. Mama ta buga ƙirjinsa kamar mai gwada tukunyar Ushafa, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Ya durƙusa ya yi godiya, har da cewa bai taɓa jin ta da ƙarfi haka ba, maƙaryacin banza.

Ranar ban tsinana komai a ofis ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, waya na ƙara sai in rarume ta in duba.

Ya dawo lafiya, daga baya aka ba shi sabuwa, wadda bai ƙara kawowa gida ba. Mama har gobe tana ba maƙwabta labarin yadda ta gyara wa gwamnati aikinta, ni kuma ina taya ta gyaɗa kai. Ta yi barcinta ranar har da minshari, ɗanta kuwa ya bi hanyar Kaduna ba komai a ƙirjinsa sai tsumma mai ƙamshin sabulu.