Tafiyar Baba Zuwa Tsibirai Bakwai

Shekara talatin babana ya yi yana koya wa ƴan lakwal, wato makarantar boko, taswirar duniya a Madarunfa, amma bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinmu ba. Da ya ajiye aiki sai ya tsinto wani ɗan littafi wurin masu tsofaffin takardu a kasuwar Maraɗi, na lokutan tashin jiragen ruwa tsakanin tsibiran Bahar Rum. Shi ke nan, muka shiga uku. Idonsa ya riga ya fara hazo, don haka ni babbar ƴarsa, in na taso daga koyarwa, ni ke karanta masa, ya zaɓa, in rubuta a kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta. Jirgin Litinin ƙarfe bakwai, kwana biyu a tsibiri na farko, sai jirgin Laraba, haka dai har tsibiri bakwai. Ni da Inna dariya muke sha. Mutumin da ko kwale-kwalen masunta bai yarda ya taka ba!

Damina biyu muna gyara tsarin nan, sai idon ya rufe gaba ɗaya. Muka ɗauka magana ta mutu.

Wata Litinin bayan an gama yankan hatsi, ya sa babbar rigarsa, ya nemi gafarar Inna, ya yi mana sallama, ya zauna kan tabarma a gindin itacen bedi da jaka a cinya. Da azahar ta yi, raka'a biyu ya kawo ya sallame. Inna ta tuna masa huɗu ce, ya ce ai shi matafiyi ne, ƙasaru yake yi.

Kwanan farko na ce rikicin tsufa ne. Amma yana zaune jikinsa na rangaji, ya riƙe bakin tabarma gam, in zai yi salla ya tambaya ina gabas ta koma, jirgi ya juya. Na riƙa duba kayen a ɓoye. Ba mai karanta masa, amma kullum yana daidai inda muka rubuta. A tsibiri na uku ya yi ƙorafin ƙararrawar wani coci ta hana shi barcin rana, ya ba mu labarin wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya da ta gasa masa kifi. Littafin nan ba komai cikinsa sai sunaye da lambobi, na sani, ni na karance shi. Ranar da na dafa kafaɗarsa na ji rigar da danshi, alhali rabon garin da ruwa wata guda, wallahi tsoro ya kama ni.

Liman ya zo ya dube shi, ya ce a bar shi, matafiyi in kwanakinsa sun cika gida yake komawa. Bayan fitarsa Inna ta tambaye ni yaushe ke nan. Na buɗe kaye. Layin ƙarshe ya ce a sauka tsibiri na bakwai ran Juma'a. Ƙasansa fari fat. Shekara biyu ana tsara tafiya, ni da nake kiran kaina malama ban taɓa tambayar jirgin dawowa ba. Na rarumo littafin, ashe shafukan ƙarshe ma babu su, gara ta cinye tun kafin ya zo hannunmu. Haushin kaina ya sa na yi kuka.

Sai na ɗauki bik ɗin rubutu na ƙirƙiro jirgin dawowa a kaye, Asabar ƙarfe takwas, na durƙusa na karanta masa da muryar aji. Ya saurara har ƙarshe. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, Uwata yake ce mini.

"Uwata, yaushe kika fara yi mini ƙarya? Ga ni bakin ruwan tun safe. Babu jirgin Asabar."

Na gwada na Lahadi, na gwada na Litinin, kai kawai yake girgizawa.

Ran Talata da azahar muna kallo ya kai raka'a biyu, ya yi tahiya, sai ya miƙe ya kawo ta uku, ya kawo ta huɗu. Inna ta saki muciya tana hamdala. Na rugo na kama hannunsa na yi masa sannu da dawowa.

"Ban dawo ba," ya ce. "Na tambayi mutanen nan, sun ce jirgi ya daina zuwa. Na yi niyyar zama, mazauni kuwa cika salla yake yi. Ki gaishe mini da innarki, ki ce ta yi haƙuri."

Ya ƙara shekara uku a gidan, kuma daga ranar bai sake ce mini Uwata ba. In na kai masa fura yakan yi godiya irin ta baƙo ga mai masauki, wani lokaci ya rage murya ya tambaye ni ko na san mai zuwa Madarunfa, yana da saƙo ga iyalinsa.