Haƙorin da Aka Ce Ya Jira Arba'in

Ƙanwata ta haihu a Argungu, a ɗakin Innarmu, cikin damina, ruwa ya cika fadama har ana shiga gonakin shinkafa da kwalekwale. Haihuwar fari ce, shi ya sa ta dawo gida wanka. Ni kuwa ina koyarwa a Birnin Kebbi, ina zaune a Gwadangaji, sai ƙarshen mako nake shiga mota in je in ga maijego da jaririyarta.

Tun tana budurwa take da rami a matauninta na ƙasa. Idan ya motsa ta cusa kanumfari, ko ta jiƙa auduga da turare ta danna, ta kwanta ta yi kukanta, gari ya waye ta manta. Duk gidanmu haka muke, babu wanda ya taɓa buɗe wa likita baki. Ranar suna na lura tana tauna nama da gefe guda, har na tsokane ta na ce maijegon da ta ƙi kaza a miƙo mini rabonta. Ta yi dariya tana dafe da kunci.

Da na dawo mako na gaba kuncin ya kumbura, yana sheƙi. Na sami Inna a madafa tana dama kunun kanwa, Gwaggo, yayar Babanmu wadda ke yi wa maijego wanka, tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwa. A wajenmu haure ake ce wa haƙori.

Na ce, "Inna, ku ba ni ita in kai ta Birnin Kebbi a ɗebe hauren ga."

"Maijego ba ta hita sai ta yi arba'in," in ji Inna, ba ta ko ɗago ba. "Jikinta ɗanye na, iska ka shiga."

Gwaggo ta ce, "Haure na hwa, ɗiyata. Wa kinka taɓa jin haure ya kashe?"

Na kira mijinta, ɗan kasuwa ne da ke yawan tafiya bakin iyaka. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce duk abin da su Inna suka yanke shi ke nan. Na so in maka wayar da ƙasa.

Maimakon asibiti sai aka kira wata mata mai cire tsutsar haƙori, mai bin gida-gida da kayanta a ƙunshe cikin zane. A gabana ta gasa guntun ƙarfe ya yi ja, ta ɗora shi kan dutse a tsakiyar kwanon ruwa, ta zuba masa wani baƙin abu da ta cuɗa da mai. Hayaƙi ya tashi, ta kife da ƙoƙo mai huda, ta sa ƙanwata ta kafa baki a kan hudar. Da aka ɗaga ƙoƙon sai ga wasu fararen abubuwa sirara, a lanƙwashe, suna yawo a kan ruwa. Matan gida suka yi ta salati.

Ni 'yar manomin albasa ce. Tun ina ƙarama nake sussukar irin albasa a zauren Baba, na san warinsa ko a ina, kuma shi ne baƙin abin da ta zuba. Idan wuta ta taɓa ƙwayar sai ta fashe, farin tsiron da ke ciki ya fito a naɗe. Na faɗa musu haka, na faɗa da ƙarfi, na ce wa matar ta ji tsoron Allah. Ta tattara kayanta. Inna ce ta tanka.

"Ke kin san ciwon maijego? Ki haihu tukuna, sannan ki koya muna."

Na daɗe da aure ban taɓa ko ɓari ba, kuma Inna ta fi kowa sanin inda abin yake mini ciwo. Na yafa mayafina na tafi tasha ina kuka, haushi ya cika mini ciki. Kwanon nan kuwa an ajiye shi a gindin randa, duk wadda ta shigo barka sai an nuna mata tsutsotsin.

Hayaƙin ya ɗan kashe zogin, aka ce an samu sauƙi. Kumburin dai ya ci gaba da aikinsa. Gwaggo tana gasa shi safe da yamma da ganyen dogon yaro mai zafi, da zuciya ɗaya, har hannunta ya yi ja. Ya sauka daga kunci zuwa ƙarƙashin haɓa. Muƙamuƙin ya ƙulle, sai da cokali ake ɗura mata kunu ta tsakanin haƙora, rabi ya koma kan zane. Wadda ba ta ci ba ta sha ba, da me za ta shayar? Nono ya janye. Jaririyar ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka, har kukan ya zama ɗan ƙugi mara ƙarfi.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne ba don ƙanwata aka buɗe ƙofa ba. Sai da Inna ta shafa kan jaririyar ta ji maɗigarta ta faɗa, sannan ta aiko a kira ni. An yarda a kai jinjira asibiti, kuma tunda jinjira ba ta tafiya ba uwa, aka lulluɓe maijego da mayafi biyu don kada iska ta shige ta.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu a asibitin Argungu ta duba jaririyar, sannan ta ɗaga mayafin uwar. Na ga fuskarta ta canja. Ta ce mu wuce Birnin Kebbi yanzu, kada mu biya gida. A mota ƙanwata ba ta iya jingina, a zaune take tsaye kyam, miyau na zuba, numfashinta na fita da ƙara. Muna wuce gonakin shinkafa ta ɗago jaririyar daga cinyarta ta ɗora a tawa. Ba ta iya magana, sai ta danne hannuna a kan yarinyar ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Likitoci sun tsaga ƙarƙashin haɓar, sun zuƙe mugunya, sun yi abin da za su iya. Ɗayansu ya tambaye ni yaushe kumburin ya fara. Da na faɗa masa sai ya sunkuyar da kai. Ta rasu washegari ana kiran sallar azahar, arba'in ɗin ba ta cika ba. Atamfar da aka ɗinka mata ta yawon arba'in tana nan a akwatin Inna da ninkinta.

A zaman makoki duk wadda ta tambayi abin da ya same ta, Inna sai ta ce jego ne. Ni kuma in ce haƙori ne. Matan su dube ni da tausayi, su ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ni. Na daɗe ban yafe wa Inna ba, ina gaishe ta ne kawai don ita ta haife ni.

Yarinyar ta rayu, a hannuna, da madarar gwangwani. Tana fara zama sai Inna ta zo Gwadangaji ta yi mana kwanaki. Wata safiya yarinyar ta tashi da zazzaɓi da zawo, tana ta cusa hannu a baki. Inna ta ɗauke ta, ta sa yatsa ta shafa dasashinta, ta yi murmushi.

"Ba komi, haure na."

Sai ta ji abin da ta faɗa. Yatsan nata yana cikin bakin yarinyar, murmushin ya tafi. Ta miƙe, tsohuwar da gwiwa ke hana ta sunkuyo, ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure. Kafin in nemo takalmina ta riga ta kai bakin titi, ba ko mayafi, tana ɗaga wa masu keken haya hannu su kai ta asibiti.